Me ya sa sel ke datse risefta kafin saƙo ya kai nukiliyas?

Ɗalibar_Bayokem ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a karatun bayokemistiri, kuma akwai wani babi da ya tsaya mini a rai, ina neman wanda zai warware mini shi da Hausa.

Abin da na saba da shi shi ne, saƙo ya zo daga waje, ya kama risefta da ke jikin tantanin sel, riseftar ta canza siffa, ta tayar da wani furotin a ciki, shi kuma ya liƙa wa na gaba fosfet, a haka a haka har magana ta kai nukiliyas. Ita riseftar tana nan inda take, an gama da ita ta huta, gobe ta sake aiki. Haka muka karanta a kan insulin da adirenalin. To sai ga wata risefta mai suna Notch. An ce shi enzayim ne ke zuwa ya datse shi, guntun da ya faɗo ciki ya kama hanya da kansa zuwa nukiliyas ya kunna ƙwayoyin gado.

Abu uku ne suka ɗaure mini kai. Na farko, in dai enzayim ɗin yana zaune a tantani ɗaya da Notch dare da rana, me ke hana shi yankawa tun kafin saƙo ya zo? Na biyu, Notch1 na ɗan Adam amino asid ɗinsa sun haura 2,500. Ina ribar sel ya ƙera abu mai girma haka don kawai ya lalata shi a aiki ɗaya? Na uku, a takardar darasinmu an rubuta cewa wani enzayim mai suna gama-sikritez ne ke sarrafa wannan hanya gaba ɗaya. Na haddace, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

MaiKiwonSel ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Zuciyarki ta yi gaskiya da ba ta kwanta ba. Aikina kenan a ɗakin bincike, kiwon sel a faranti da bin diddigin Notch, kuma abin da zan roƙe ki shi ne ki ɗauke idonki daga gama-sikritez tukuna. Shi yana yanka duk abin da ya iso gabansa a siffar da ta dace. Hukuncin a yanka ko kar a yanka ana yanke shi ne kafin a zo kansa.

Notch sau uku ake yankansa. Yanka na farko ba ruwansa da saƙo. Tun yana cikin Golgi, sashen sel da ake kammala furotin a cikinsa, kan hanyarsa ta fita, wani enzayim mai suna furin ke raba shi biyu, amma ɓangarorin ba sa rabuwa, suna nan riƙe da juna har ya iso fuskar sel ya tsaya. A waje yana da doguwar jela ta gaɓoɓi masu kama da juna, 36 a Notch1, kuma ta 11 da ta 12 su ne ke kama abokin hulɗarsa. A ƙasan jelar, dab da tantani, akwai wani dunƙule da ake kira NRR. Nan amsar tambayarki ta farko take. Wurin yanka na biyu yana binne a cikin dunƙulen nan, gaɓoɓi uku ƙanana sun naɗe shi, kowace tana riƙe da ƙwayar kalsiyam da ke ƙara mata tauri. Enzayim ɗin da ke yanka na biyu, ADAM10, yana iya gogar Notch yini guda bai samu wurin sa baki ba.

Me ke buɗe dunƙulen? Ja. Ja na zahiri, irin na ƙarfi, ba canjin sinadari ba. Abokin hulɗar Notch, wato Delta ko Jagged, ba yawo yake a ruwa ba, dashe yake a jikin sel maƙwabci. Idan ya kama Notch, sai wani enzayim a cikin wancan sel, Mind bomb, ya liƙa wa wutsiyar Delta ubikwitin, wani ɗan furotin da sel ke sa alama da shi, sel ɗin ya fara haɗiye Delta zuwa ciki. Da yake Delta bai saki Notch ba, sai ya jawo shi. An auna ƙarfin wannan ja, 'yan fikoniyuton ne kawai, wato ƙarfi ɗan mitsitsi ƙwarai, amma ya isa ya ɓare gaɓoɓin nan uku, wurin yanka ya fito fili, ADAM10 ya sare. Duk jelar waje ta tafi tare da Delta cikin sel maƙwabci.

Wannan abu ina ganinsa da idona. Idan na zuba Delta narkakke a ruwan da sel ke ciki, kusan babu abin da ke faruwa, wani lokaci ma sai ya tare wa na gaskiya wuri ya rage saƙon. Amma in na shafe ƙasan farantin da Delta ɗin nan, na bar shi ya manne, na zuba sel a kai, sai hanyar ta kunnu. Furotin ɗaya ne, bambancin kawai a karo na biyu akwai abin da ya riƙe shi har a ja.

To yanzu ne gama-sikritez ke shigowa. Abin da ya rage a tantani ɗan kututture ne mai gajeren kai a waje. Gama-sikritez furotin huɗu ne a haɗe: presenilin, wanda shi ne mai yankan, da nicastrin, da APH-1, da PEN-2. Nicastrin yana da ƙaton kai a waje da ya rufe mashiga, duk furotin da ke da dogon ɓangare a waje ba zai iya kusantar wurin yanka ba. Cikakken Notch ya yi girma. Kututturen kuwa yana wucewa salin alin, a yanke shi a cikin tantani kusa da gefen ciki, guntun ciki ya saku. Shi ake kira NICD.

NICD yana ɗauke da alamar shiga nukiliyas a jikinsa, don haka ba ya buƙatar kowa ya isar masa da saƙo. A ciki zai tarar da wani furotin mai kama DNA, RBPJ, wanda in babu Notch yakan haɗa kai da masu danne ƙwayoyin gado. NICD ba ya iya kama DNA da kansa. Sai ya manne wa RBPJ, su biyun su samar da wani kwari da furotin na uku, Mastermind, ke kwantawa a ciki, shi kuma ya jawo p300 da sauran masu buɗe kuromatin, wato naɗin da DNA ke ciki. Daga nan ƙwayoyin gado irin su HES1 da HEY1 su fara aiki. Kuma tun yana kan aikin ake shirin kawar da shi. A wutsiyarsa akwai wani yanki, PEST, da ake liƙa wa fosfet, FBXW7 ya gane shi ya sa masa ubikwitin, a niƙe shi. Ba ya daɗewa.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi burge ni. Ki duba hanyar adirenalin da kika ambata: risefta ɗaya tana tayar da furotin da yawa, kowanne ya tayar da wasu, ƙaramin saƙo ya zama babba. Wannan ya dace da hormon da ke yawo a jini, inda ake so duk jiki ya amsa da sauri. Notch ba wannan yake nema ba. Shi kamar tsinken ashana ne, ƙyastu ɗaya ya gama aikinsa. Risefta ɗaya, guntu ɗaya, babu ƙari a hanya. Saboda haka yawan NICD da ke nukiliyas a kowane lokaci yana nuna kai tsaye yawan Delta da maƙwabta ke nuna wa sel ɗin a wannan lokacin. In maƙwabci ya daina, saƙo ya mutu. Kuma sai wanda ya taɓa ka ne zai iya yi maka magana.

Ga inda hakan ke amfani. A ce sel-sel ne a jere, duk iri ɗaya, kuma ana so kaɗan daga cikinsu su zama wani abu daban, a warwatse ba a cunkushe ba. Wanda ya ɗan fi Delta sai ya kunna Notch na maƙwabtansa, Notch ɗin ya sa su rage nasu Delta, shi kuma ya samu sauƙin dannewa ya ƙara nasa. Ɗan bambancin farko ya yi ta faɗaɗa har ɗaya ya fita daban, na kewaye da shi su zauna a matsayinsu. Haka ake tsara sel masu gashi a cikin kunne, kowanne kewaye da masu tallafa masa. Haka hanji ke raba masu tsotsar abinci da masu fitar da majina. Haka sabuwar jijiyar jini ke zaɓen sel ɗaya ya ja gaba, sauran su bi. Irin wannan lissafi na tsakanin maƙwabta ba zai yiwu da saƙon da ake ninkawa ba. Don haka ni ban ɗauki yankan a matsayin asara ba, shi ne kuɗin da sel ke biya ya samu saƙo mai auna daidai.

In kina son hujjar inda linzamin yake, ki dubi cuta. A 2004 ƙungiyar Jon Aster a Boston ta nuna cewa fiye da rabin masu sankarar jini nau'in T-ALL suna da canji a NOTCH1 da ke kunna shi. Kuma canje-canjen a wuri biyu suka taru: ko a dunƙulen NRR, ya saki, ana yanka ba tare da an ja ba, ko a wutsiyar PEST, ta guntule, NICD ya ƙi mutuwa. Sankarar ta nuna mana ƙofofi biyun da sel ke tsaro. Gama-sikritez yana tsakiya yana aikinsa kamar kullum.

Mai_Harhaɗa_Magani ta rubuta:

Malam MaiKiwonSel, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara ta ɓangarenmu na magani, don wannan enzayim ya koya wa masu harhaɗa magani darasi mai tsada.

Sunan gama-sikritez daga binciken cutar Alzheimer ya fito, ba daga Notch ba. Akwai wani furotin mai suna APP a tantani. Wani enzayim, BACE1, yana sare ɓangarensa na waje, gama-sikritez ya ƙarasa a cikin tantani, sai ɗan guntun amiloyid-beta ya fito, wanda shi ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar. A 1995 aka gano cewa canji a ƙwayar gadon presenilin ne ke jawo mafi yawan nau'in cutar da ake gada, mai kama mutum tun da sauran ƙarfinsa. A shekarar nan kuma Iva Greenwald da abokiyar aikinta suka samu ɗan'uwan presenilin a wata ƙaramar tsutsa yana taimaka wa hanyar Notch. A 1998 Bart De Strooper a Beljiyam ya nuna cewa in babu presenilin-1 amiloyid yana raguwa sosai, a 1999 kuma ya nuna cewa in babu shi sakin NICD ma yana raguwa. Wato wuƙa ɗaya ce.

Duk da haka an yi fatan a toshe enzayim ɗin daidai gwargwado, a rage amiloyid ba tare da an taɓa Notch sosai ba. Kamfanin Eli Lilly ya kai maganinsa semagacestat mataki na uku na gwaji, da marasa lafiya sama da 2,600. A watan Agusta 2010 aka dakatar. Waɗanda suka sha maganin tunaninsu ya fi lalacewa a kan waɗanda ba su sha ba, kuma sankarar fata ta fi yawa a cikinsu. Batun fata ya dace da abin da aka sani, domin a fata Notch hana sankara yake yi, saɓanin yadda yake a T-ALL. Hanji ma haka: in aka toshe Notch, sel-sel da ya kamata su zama masu tsotsar abinci sai su karkata zuwa masu fitar da majina, shi ya sa gudawa ke bin wannan jinsin magunguna.

Amma ba a watsar da su ba. A Nuwamba 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nirogacestat don ƙarin desmoid, wani ƙari na nama da ba ya yaɗuwa zuwa nesa amma yana cin abin da ke kusa da shi. 'Yar'uwa, in an tambaye ki amfanin sanin wannan hanya a asibiti, ga shi nan.

Ɗalibar_Bayokem ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar ja ɗin nan ba na jin zan manta da ita. Amma Malam, ka buɗe mini wata ƙofar. An koya mana cewa tsinke haɗin feftayid, wato abin da ke haɗa amino asid da na kusa da shi, sai da ruwa, kuma tsakiyar tantani maiƙo ne, ruwa ba ya zama. Ta ina presenilin ke samun ruwan? Sannan na ga an rubuta cewa furotin sama da 100 ne gama-sikritez ke yankawa. Kenan dukkansu guntunsu na tafiya nukiliyas ya kunna wani abu?

MaiKiwonSel ya rubuta:

Tambayar ruwa ta taɓa hana manyan masana yarda da abin gaba ɗaya, don haka kina kan turba.

Presenilin yana ratsa tantani sau 9. A 1999 Michael Wolfe da Dennis Selkoe suka lura da asfatet biyu a wurin da ba a saba ganinsu ba, ɗaya a ratsi na 6, lamba 257, ɗaya a ratsi na 7, lamba 385. Asfatet amino asid ne mai caji, ba shi da dalilin zama cikin maiƙo sai in aiki yake yi. Suka canza kowanne daga cikinsu, yanka ya tsaya. Asfatet biyu masu fuskantar juna da ruwa a tsakaninsu tsohon tsari ne, irin na fefsin, enzayim ɗin da ke narkar da abinci a cikin mutum. Abin da presenilin ya yi shi ne, ratsoshinsa sun kewaye sun bar wani rami da ke buɗe ta gefen cikin sel, ruwa na shiga har inda asfatet ɗin suke, maiƙo kuma yana waje da bangon. A 2015 ƙungiyar Yigong Shi a Beijing tare da Sjors Scheres a Kambirij suka fitar da siffar enzayim ɗin dalla-dalla da na'urar hangen lantarki mai daskarewa. A 2019 aka kama shi riƙe da guntun Notch, aka kuma kama shi da na APP.

Hotunan 2019 ɗin su ne nake so ki nema ki gani. Ɓangaren furotin da ke cikin tantani a murɗe yake, kuma a murɗen nan haɗin feftayid a ɓoye yake, ba a iya yanka shi. A hoton za ki ga ƙarshen murɗin na gefen ciki ya warware, ya miƙe, ya kwanta a jikin presenilin, wurin yanka ya zo daidai tsakanin asfatet biyun. Bayan yankan farko da ke sakin guntun ciki, enzayim ɗin yakan ci gaba da gutsurar abin da ya rage, galibi amino asid uku-uku, har ya gajarce ya sulluɓe waje. A APP daga 49 ake zuwa 46, 43, 40, ko daga 48 zuwa 45, 42, 38. In gutsurar ta tsaya da wuri sai a samu dogayen guntaye irin 42 da 43 masu saurin dunƙulewa, kuma da yawa daga canje-canjen presenilin na gado abin da suke jawowa kenan.

Yanzu tambayarki ta biyu, inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. A'a. Kasancewar an yanka furotin bai nuna guntunsa ɗan aike ba ne. Tantani na buƙatar shara. Kullum ana sare kawunan furotin a fuskar sel, kuma kututturan da aka bari dole wani ya cire su. Raphael Kopan da kansa, ɗaya daga cikin waɗanda suka tabbatar da yankan Notch, ya kwatanta gama-sikritez da injin niƙe furotin na tantani. Guntaye da yawa ana sakinsu ne a niƙe su nan take, ba inda za su.

Ki ga irin wahalar da aka sha kafin a yarda da na Notch. A shekarun 1990 mutane suna ta neman NICD a nukiliyas na dabba mai rai da antibodi, furotin ɗin da ke gane abin da ake nema ya manne masa, ba sa gani, don adadinsa ya yi ƙanƙanta. A 1998 Gary Struhl a Jami'ar Columbia ya dasa wani furotin mai kunna ƙwayar gado, wanda ƙuda ba shi da irinsa, a cikin ɓangaren ciki na Notch na ƙudan 'ya'yan itace. Ya kuma sa ƙwayar gado mai ba da launi da ba ta kunnuwa sai wannan baƙon ya iso DNA. Launi ya fito, kuma sai da Delta yake fitowa. A shekarar dai ƙungiyar Kopan a St. Louis ta gano ainihin wurin yankan, gaban amino asid balin mai lamba 1744 a Notch1 na ɓera. A 2000 suka samar da ɓeraye da aka canza wa wannan amino asid ɗaya tak, 'ya'yan suka mutu a ciki da alamu masu kama da na waɗanda ba su da Notch1 sam. Wannan ita ce hujja. An hana yankan kaɗai, an bar komai, aiki ya rushe.

Da wannan ma'auni nake auna sauran. ErbB4 yana da ƙarfi: a 2001 ƙungiyar Graham Carpenter a Vanderbilt ta nuna ana yanka shi bayan ADAM17 ya sare kansa, guntun ya shiga nukiliyas, daga baya kuma aka nuna yana jinkirta samuwar sel-sel na astirosayit a ƙwaƙwalwa mai tasowa. Abin sha'awa, ErbB4 yana da hanyar fosfet ɗin da kika saba da ita, yana kuma da wannan, kuma ba kowane nau'insa ke yankuwa ba. Guntun ciki na APP kuwa, tun rahoton Cao da Südhof na 2001 cewa yana haɗuwa da Fe65 da Tip60, har yau ana jayayya a kan ƙwayoyin gadon da yake kunnawa. Yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje ana cusa wa sel guntun ne da yawan da ya ninka na halitta nesa ba kusa ba. In ka cika sel da ƙaramin furotin, wani zai shiga nukiliyas ko ba shi da aiki a can. Duk takardar da ta ce mini sabon guntu ɗan aike ne, abu uku nake nema: shin saƙon waje ne ke ƙara yankan, shin an ga guntun a adadinsa na halitta, shin in an hana yankan kaɗai aikin na ɓacewa.

Gargaɗi ɗaya, in aikin kammala karatunki ya kai ki ga kiwon sel. Muna ɗaga sel daga faranti da enzayim ɗin tirifsin da wani sinadari mai suna EDTA. EDTA kalsiyam yake kamawa, kuma kin tuna kalsiyam ne ke riƙe dunƙulen NRR. Da ya janye shi dunƙulen ya saki, a yanka Notch babu Delta babu maƙwabci. In kika ɗaga sel da EDTA kika fasa su nan take kika gwada da antibodin da ke gane yankakken Notch1, za ki ga layi baƙi ƙirin a sakamakon gwajin, alamar NICD, alhali ke kika kunna shi da hannunki. Ni a kan farantin nake fasa su kai tsaye, kuma kullum ina ajiye faranti ɗaya da na sa wa DAPT, mai toshe gama-sikritez. In layin bai ɓace a wannan farantin ba, to ba NICD nake kallo ba.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Madalla da wannan bayani. Na koyar da bayokemistiri shekaru masu yawa, kuma ina so ɗiyata ta san cewa ba daga Notch wannan tunani ya fara bayyana ba, sannan ina da ɗan gyara ga Malam MaiKiwonSel.

Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 1985 kan riseftar LDL, wato abin da ke ɗaukar kolestarol a jini, su ne suka warware labarin SREBP a shekarun 1990. Furotin ne mai kunna ƙwayoyin gado, amma a ɗaure yake a tantanin ER, wani sashe a cikin sel inda ake naɗe sabbin furotin. In kolestarol ya wadata, abokinsa SCAP yana manne da Insig, dukkansu suna zaune a ER. In ya yi ƙaranci, SCAP ya saki Insig ya raka SREBP zuwa Golgi. A can enzayim biyu ke jira. S1P ya yanka madaukin da ke cikin Golgi, S2P ya yanka a cikin tantani, kan SREBP ya saku ya tafi nukiliyas ya kunna ƙwayoyin gadon ƙera kolestarol da na riseftar LDL. S2P da zink yake aiki, ba asfatet ba, wato halitta ta warware matsalar ruwan nan fiye da sau ɗaya. Magungunan sitatin ta nan suke rage kolestarol na jini: su rage na cikin sel-sel na hanta, SREBP ya tashi, riseftar LDL ta ƙaru ta kwashe na jini. ATF6 ma waɗannan enzayim biyu ne ke sakinsa in furotin marasa naɗuwa sun taru a ER. A 2000 Brown da Goldstein da abokan aikinsu suka haɗa duk waɗannan ƙarƙashin suna ɗaya, suka nuna har bakteriya, da ba su da nukiliyas, suna yin irinsa.

Gyaran shi ne, Malam ya ce linzami na kan buɗewar NRR kafin yanka na biyu. A SREBP babu dunƙulen da ake ɓarewa, babu ja. Abin da ake tsaro shi ne tafiya daga ER zuwa Golgi. Enzayim na can, abin yanka na nan, an raba musu ɗaki. Kada ɗaliba ta tafi da tunanin cewa ko'ina da ƙarfi ake buɗewa.

MaiKiwonSel ya rubuta:

Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara girma. Abin da ya haɗa su biyun shi ne ba a kunna wuƙar, hanyar isa gare ta ake tsarewa, a Notch da naɗi, a SREBP da wuri.

Kuma an gwada wannan fahimta ta hanyar da ta fi kowace gamsar da ni, wato gini. A 2016 ƙungiyar Wendell Lim a San Francisco ta ɗauki tsakiyar Notch kawai, dunƙulen da ratsin tantani. A waje suka sa guntun antibodi mai gane abin da suka zaɓa, a ciki suka sa mai kunna ƙwayar gadon da suka zaɓa. Suka kira shi synNotch. Da sel mai ɗauke da shi ya taɓa sel mai alamar da ake nema, aka yanka, ƙwayar gadon ta kunnu. Sun yi amfani da shi a sel-sel na T na garkuwar jiki, ta yadda sai sun ga alama ta farko a jikin ƙari sannan su ƙera riseftar kisa mai neman alama ta biyu.

'Yar'uwa, game da jimlar takardar darasinku, in ta fito a jarrabawa ki rubuta cewa gama-sikritez ne ke yin yankan ƙarshe mai sakin NICD, kuma in babu shi babu saƙo. Sannan ki ƙara da cewa matakin da saƙon waje ke sarrafawa shi ne buɗewar NRR da yankan ADAM10, ki kawo canje-canjen T-ALL a matsayin hujja.